Dalmar Da Ta Kwanta Cikin Ƙashi: Darasin Zamfara Na 2010

Mutane da yawa sun ɗauki ƙashi tamkar ginshiƙin ɗaki, busasshen abu da ke tallafe jiki kawai. Amma ƙashi rayayye ne. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma dukkansu jiki na rushe tsohon sashensu yana gina sabo tsawon rayuwa. A cikin ɓargo ake ƙera jini. Kusan kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikinka yana ajiye a ƙasusuwa da haƙora. Ƙashi rumbu ne, kuma tarihin Zamfara ya nuna cewa rumbun nan yana karɓar guba kamar yadda yake karɓar abinci.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta lura da mace-macen ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kudu da yankin Bakolori. Bincike ya gano gubar dalma. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka shi da niƙa shi a cikin gidaje. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Aƙalla yara 400 suka rasu. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, Bagega kuwa sai a 2013 aka tsabtace ta.

To ina dalmar da ta riga ta shiga jiki? Jiki yana ɗaukarta kamar kalsiyam, sai ya tura ta rumbu. A cikin jini, rabinta kan ragu cikin wata guda ko makamancin haka, amma a ƙashi takan zauna shekaru gommai. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take. Maganin da aka ba yaran yana janye ta daga jini, amma bai cika kaiwa ga wadda ta kwanta a ƙashi ba.

Yaran da suka tsira a wancan lokaci yau sun girma, 'yan matan cikinsu sun kai aure. Idan mace ta sami juna biyu ko tana shayarwa, jikinta kan buɗe rumbun ƙashi domin gina ƙasusuwan jariri, dalmar sai ta biyo kalsiyam, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, inda take iya cutar da ƙwaƙwalwarsa.

Saboda haka, idan matarka ko 'yarka ta tashi a inda ake niƙa dutsen zinare, ta faɗa wa likita tun awon farko, ta nemi a gwada jininta. A wadata ta da nono, zogale, miyar kuka da ƙananan kifin madatsar Bakolori da ake ci da ƙayarsu, domin isasshen kalsiyam yana rage abin da jiki ke kwasowa daga ƙashi. Mai zuwa haƙa kuwa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shigo gida, kada kuma dutsen ya ƙara ƙetare ƙofar gida. Allah ya ba mu lafiya.