Kafa

kafa (aikatau). Rassa: kafe, kafu, kafi, kafaffe, kafaffiya, kafaffu. Dabam yake da ƙafa ta tafiya da ƙafewar rijiya, duk da masu rubutu a waya kan haɗe su.

1. Soka abu a ƙasa ya tsaya daram: *Ya kafa turke a gindin ɗorawa ya ɗaure akuya.*

2. Assasa gari, kasuwa ko kamfani. Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kewaye ƙauye da shi saboda mahara, haka nan asirin da ake binnewa don tsare gari. Sunan ya zauna a Kafin Soli da Kafin Dangi, waɗanda ke ƙaramar hukumar Kankiya.

3. A shari'a: *kafa hujja*, kawo abin da alƙali zai dogara da shi. Kafaffiyar dukiya ita ce wadda ba ta ɗaukuwa, wato gona, fili ko gida. A mazhabar Malikiyya a kanta ake shufu'a: ɗan'uwa ya sayar da rabonsa na gonar da ba a raba ba, abokin tarayyarsa ya biya kuɗin ya karɓe daga hannun mai saye. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, amma manomi dai gonar ubansa yake cewa.

4. kafe, taurin kai ko ƙin ragi: *Dillali ya kafe a kan farashinsa.*

5. *Kafa wa mutum ido*, zura masa ido; *kafa masa ƙahon zuƙa*, matsa masa lamba.