Kamuwar bawul ɗin zuciya bayan dashen TAVI

TAVI hanya ce ta sauya bawul ɗin awota, wato ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiyar jiki, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ana zura sabon bawul ta siririn bututu, galibi daga jijiyar cinya, a buɗe shi a cikin tsohon da ya tsuke. Likita Alain Cribier ne ya fara yi wa ɗan'adam wannan aiki a birnin Rouen na Faransa a 2002.

Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka manne a bawul ɗin, sukan taru da gudajin jini su yi curi, wani lokaci mugunya ta taru a gindinsa. Ba abu ne mai yawan faruwa ba. Wani bincike na ƙasashe da dama da mujallar JAMA ta buga a 2016 ya gano mutum 250 da suka kamu cikin 20,006 da aka yi wa TAVI, kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara. Sai dai kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka kamu sun rasu a asibiti, kusan biyu bisa uku kuma ba su wuce shekara biyu ba.

Ƙwayar Enterococcus, mai zama a hanji da fatar matsematsi, ita ce kan gaba wajen haddasa cutar a binciken, Staphylococcus aureus na biye da ita. Wannan abin lura ne, domin cefazolin, maganin rigakafin da aka saba bayarwa kafin aikin, ba ya kashe Enterococcus. Maza, masu ciwon suga da waɗanda bawul ɗinsu ke yoyo sun fi shiga haɗari.

Gano cutar na da wuya. Tsoho na iya zuwa ba zazzaɓi, sai kasala, gazawar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ragar ƙarfen da ke riƙe da bawul kuma kan tare hoton zuciya, ko da an ɗauke shi ta maƙoshi, shi ya sa ake haɗawa da gwajin jini da hoton CT ko PET.

Magani shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, yawanci mako shida. Tiyata ta fi dacewa da wasu, amma da yawansu raunin jiki ne tun farko ya hana a yi musu ita. A binciken 2016 kusan kashi 15 cikin 100 kawai aka yi wa. Ana shawartar masu bawul ɗin su kula da haƙora, su sha maganin rigakafi kafin a yi musu aikin da zai taɓa dasashi.