Littafi Ɗaya, Gida Goma: Tarihin Aron Littafi A Ƙasar Hausa

Duk lokacin da aka yi zancen ƙungiyar makaranta littafi, tunanin mutane ya kan tafi Turai ne, wai a zauna a falo ana shan shayi ana tattauna labari. Alhali mu ma mun daɗe da tamu, sai dai ba ta da shugaba, ba ta da katin shaida. Aro ne rajistar ta.

Abin ya samo asali tun zamanin da boko bai yaɗu ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan a 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. To amma mutum nawa ne su ka iya karanta boko a lokacin? Ƙalilan. Saboda haka sai mutum ɗaya ya riƙe takarda a zaure ko a gindin bishiya ya na karantawa da ƙarfi, saura su na saurare, su na dariya, su na gardama. Wanda bai san baƙi ba ma ya san Alhaji Imam da Malam Zurƙe.

Inda abin ya yi ƙarfi sosai shi ne bayan da littattafan soyayya su ka ɓarke a shekarun 1980. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito a 1980, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya biyo baya a 1987, daga nan kuma sai ambaliya. Su wa ke karantawa? Akasari mata ne, musamman matan aure da ke cikin kulle da 'yan matan sakandaren kwana. Matar da ba ta fita kasuwa sai ta aiki yaro wurin mai hayar littafi a bakin layi, a karɓo mata na ɗaya. Kafin a mayar, kishiya ta karanta, maƙwabciya ta aiko an ba ta ta kan katanga, ƙanwar miji ta leƙa. Ranar suna ko biki kuwa, nan ake zaman shari'a: wace ce ta cuci wata, wane namiji ne bai kyauta ba, me ya sa marubucin ya kashe wance. A makarantun kwana har layi ake bi, littafi ya yi ta yawo har bangon sa ya cire a ɗinke da zare. Idan wannan ba ƙungiya ba ce, ban san me za a kira ta ba.

Su ma marubutan haɗa kai su ka yi, tunda manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba. Raina Kama, wadda ta haɗa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba, da kuma Kukan Kurciya, su na duba wa juna rubutu, su na tallata littattafan juna a bayan nasu. Marubuci ya kan sa adireshin sa, masu karatu su yi ta aiko da wasiƙu, wani lokaci a buga su a kashi na gaba. Masana irin su Ibrahim Malumfashi sun kira abin adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare shi, amma duk wannan muhawara ba ta hana yaro zuwa karɓo na biyu ba.

A ra'ayi na, mu 'yan fim ba mu taɓa biyan waɗannan matan bashin da su ke bin mu ba. Su ne kasuwar farko. Lokacin da aka mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, an riga an san Sumayya da Muhammad a gidaje, ba a buƙaci wani dogon talla ba. Haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo. Hatta ɗabi'ar yanke labari a daidai inda ya yi daɗi, a ce sai a kashi na biyu, tun a littafi mai kallo ya saba da ita.

Sai dai aron nan takobi ne mai kaifi biyu. Kwafi ɗaya ya shiga gida goma, amma kuɗin kwafi ɗaya ne ya isa hannun marubuci, mai haya ya kwashe saura. Irin kukan da furodusoshi su ka zo su na yi da shagunan hayar kaset daga baya ke nan, marubuta sun riga su yin sa. Ga kuma hukuma: a 2007 A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano, wato dai an kai farmaki ne daidai inda littafi ya fi zagayawa hannu da hannu.

Da waya ta zo, masu hayar su ka ragu ƙwarai, karatun ya koma WhatsApp da Wattpad, inda marubuciya ke sakin labari shafi-shafi, a biya kuɗi kafin a shiga. Nan ma ba ta tsira ba, domin wadda ta biya ta kan tura wa ƙawar ta, ita kuma ta tura wa 'yan ajin su.