Labaran Jarumai da Aljanu a Ƙasar Katsina

Labarin jarumi mai gwabzawa da dodanni ya girmi takarda a ƙasar Katsina. A garuruwan Batsari da Safana, da ke bakin Dajin Rugu, tatsuniyar dare ce ta daɗe tana riƙe da shi, kaka na bai wa jikoki.

Shigarsa littattafan ƙagaggun labarai na boko ta biyo bayan gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933. Malaman makaranta biyu daga Katsina suka yi fice: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, Bello Kagara da Ganɗoki, wanda jaruminsa ya fara da yaƙar Turawa, sannan ya faɗa duniyar aljanu. Littafin Imam mai suna Magana Jari Ce kuwa juzu'i 3 ne, kuma ya ɗebo wasu labaransa daga Larabawa da Turawa, ya ɗinka musu rigar Hausa da gwaninta.

Haka marubuci Tolkien ya yi a Ingila, da ya aro sunayen wadannin labaransa daga tsoffin waƙoƙin mutanen arewacin Turai. A ƙasar Hausa kuwa, daga baya marubutan Kano suka ci gaba da littattafan yaƙi masu fitowa kashi-kashi, kowane kashi na yankewa daidai inda takubba suka haɗu.