Tsattsewa da Jirgin Sama: Waiwaye Kan Filin Jirgin Sarki Shaka

Tun a shekarar 1973 aka fara share fili a La Mercy, kimanin kilomita 35 arewa da birnin Durban na Afirka ta Kudu, domin gina sabon filin jirgin sama. A lokacin doka ba ta wajabta binciken tasirin aiki a kan muhalli ba. Aikin ya tsaya a 1982 saboda matsin tattalin arziki, amma ya samu ƙarfi sosai bayan da ƙasar ta samu damar karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2010.

A nan ne batun tsattsewa ya taso. Ƙasa da kilomita 3 daga titin saukar jirage akwai fadamar Mount Moreland, inda a lokacin tsattsewa kimanin miliyan 3 kan kwana tsakanin Oktoba da Afrilu, bayan sun yiwo hijira daga Turai. Da almuru sukan rufe sararin sama, daidai kan hanyar jiragen. Haɗarin kuwa biyu ne: tsuntsayen na iya rasa makwanci, injin jirgi kuma na iya zuƙe su da fasinja a ciki. Ƙungiyar BirdLife ta ƙasar ta nuna damuwa matuƙa.

Binciken muhalli ya samu amincewar gwamnati a 2007, wato shekara 34 bayan fara share wurin. Saboda haka bai auna dacewar wurin da gaske ba, neman sassauci kawai ya yi. An bar fadamar, aka kafa na'urar rada mai lura da tashin tsuntsayen domin gargaɗin masu kula da zirga-zirgar jirage. An buɗe filin ranar 1 ga Mayu, 2010.