Kacala da Ruwan da Ya Daina Ƙafewa

Kafin zamanin madatsun ruwa, rani ne ke yi wa tafkunan ƙasar Daura shara. Damina ta cika fadamu da kududdufai, bado ya yi fure, kainuwa dashen Allah ta lulluɓe fuskar ruwa. Da bazara ta kama sai ruwa ya ja baya, ƙasa ta tsattsage, makiyaya su koro shanu su cinye abin da ya saura. Ciyawar ruwa ba ta samun shekara cur tana tsaye a cikin laima, saboda haka ba ta kai ga zama annoba ba. Damuwar mutanen dā ƙarancin ruwa ce, kamar yadda labarin rijiyar Kusugu ya adana: gari guda yana jiran Juma'a kafin ya jefa guga.

Farin da ya addabi Arewa daga 1972 zuwa 1974 ya sauya tunanin mahukunta, aka ƙudurta tare ruwan damina domin amfanin rani. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a jihar Kano, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 gwamnatin soja ta raba ƙasar nan ga hukumomin raya koguna goma sha ɗaya, yankin Katsina ya faɗa hannun hukumar Sakkwato-Rima. A kan wannan tafarki aka sami Zobe da Jibiya, da kuma Daberam da Sabke a yankin Daura. An yi lissafin siminti da kadadar da za a shayar, amma ba a yi lissafin abin da zai tsiro a ruwan da ba ya ƙafewa ba.

Amsar ta fara bayyana ne gabas da Daura, a fadamar Haɗeja da Nguru. Bayan Tiga, sai madatsar Challawa ta biyo a 1992. Kogin Haɗeja, wanda ada yakan yi ambaliya da damina ya bushe da rani, ya koma yana tafiya a hankali shekara duka. Wannan shi ne abin da kacala ke so: ruwa marar zurfi, mai laka, wanda ba ya yankewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi zuwa mashigin Marma, inda ya cinye gonaki da ƙauyuka, wasu rassan kogin kuma suka bushe. Masunta suka rasa inda za su tura kwalekwale. Jan-baki ya sami mafaka yana afka wa shinkafa da gero, sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya suka yawaita.

An sha fitowa gayya da lauje da adda, daga baya aka kawo injinan yanka, amma kacala daga saiwa take sake tohowa. Sannu a hankali masana suka gane cewa ciyawar alama ce kawai, cutar tana ga yadda ake sakin ruwa. Wannan fahimta ce ta kai gwamnonin jihohi shida na kwarin Haɗeja, Jama'are da Komadugu-Yobe ga taron Damaturu a 2006, inda suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya tare da kafa asusun aikin. Shekara 32 ke nan bayan Tiga. A kogin Senegal ma haka ta faru bayan madatsar Diama ta 1986, har mutanen Muritaniya da Senegal suka koma sarrafa kacala suna yin gawayi da ita.

Madatsun Daura ƙanana ne, kuma a nan hatsarin yake. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, kowace damina na kwaso yashi daga gonakin da aka sare wa itatuwa ta zuba a tafki. Zurfi na raguwa, gefe na faɗaɗa, takin zamani daga gonakin rani na gangarowa ya ciyar da duk abin da ya tsiro. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tarihin Haɗeja ya nuna abin da tsari nagari ya ƙunsa. A riƙa auna zurfin tafki domin a san yawan yashin da ya shiga. A dasa itatuwa a magudanan da ke ciyar da shi. A bar gefensa ya bushe na wani lokaci a shekara, in kuma za a yanke kacala, a yanke ta ƙarƙashin ruwa domin saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Sannan a zaunar da masunta, manoman rani, makiyaya da hakimai tun kafin a rubuta takarda, domin su ne ke fara ganin tsiro na farko. Kuɗin wannan duka bai kai na yashe tafkin da ya riga ya cike ba.