Giram, oza da miskali: yadda ake juya ma'aunan zinare

Ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da kilo da giram yake lissafi. Mai sayar da gwal a kasuwar Sabon Gari giram yake dubawa a sikelinsa, amma farashin da yake bi daga kasuwar Landan ya fito, inda ake yanka shi da oza. Malamin da ke fitar da nisabin zakka kuwa miskali ya sani. Dukansu nauyi suke aunawa, kuma wanda bai iya juya wani ma'auni zuwa wani ba, shi ake cuta.

Oza iri biyu ce. Ozar kayan masarufi giram 28.35 ce, kuma 16 ke yin laba guda, wato giram 453.59, kamar yadda yarjejeniyar ƙasashe masu magana da Ingilishi ta 1959 ta tsayar. Ozar zinare da azurfa, wadda Turawa ke kira troy, giram 31.10 ce, kuma 12 ke yin labarta, giram 373.24. Saboda haka ozar zinare ta ɗara ta masarufi da kusan kashi 10 cikin 100, alhali labarta ta fi sauƙi. A kilo guda akwai ozar zinare 32.15. Don samun farashin giram, sai a raba farashin oza da 31.10.

Miskali ya samo tsayayyen nauyinsa ne daga dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, wanda akasarin malaman zamani suka ƙiyasta da giram 4.25. A kansa aka gina nisabin zakkar zinare, miskali 20, wato giram 85. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, rubu'in dinari, ya ɗan haura giram guda, diyyar rai kuma dinari 1,000 ce, kilo 4.25.

Akwai kuma tola, ma'aunin Indiya da har yanzu ake ciniki da shi a Dubai, inda fatake da dama ke saro gwal. Tola guda giram 11.66 ce, kashi uku cikin takwas na ozar zinare.

Nauyi kaɗai ba ya faɗin daraja, sai an haɗa da karat. Karat 24 shi ne tsantsar zinare. 21 na nufin kashi 87.5 cikin 100, 18 kuma kashi 75. Sarƙa mai giram 40 ta karat 18 tana ɗauke da zinare giram 30 ne kacal. Ga masu lissafin nisabi da tsantsar zinare, sai gwal na karat 18 ya kai kimanin giram 113 kafin ya cika giram 85.

Amfanin wannan lissafi ya wuce kanti. A watan Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari da curin zinare mai kilo 12.5, wanda Babban Bankin Najeriya ya saya a kan naira miliyan 268 ƙarƙashin shirin gwamnati na tallafa wa ƙananan masu haƙar zinare. Kilo 12.5 oza 402 ke nan ta zinare, kuma kuɗin ya kama naira 21,440 a kan kowane giram. Da za a yi lissafin da ozar masarufi, sai a samu 441, ƙarin oza 39 da babu su a zahiri.

Haka ya kamata a riƙa bin duk wani adadi da hukuma ta sanar game da zinaren Birnin Gwari, Zamfara ko Kebbi: wace oza ce, karat nawa ne, kuma nawa giram ya kama a ranar? Mai haƙa a daji da ke sayar wa dillali bai cika samun waɗannan amsoshi ba, kuma a wannan giɓin ne ribarsa ke zurarewa.